Kujerar Ƙarshen Sahu

Daga Nguru, zuwa ga 'yata Hadiza, mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai saba kiranta da komai ba sai Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, mahaifiyarki da ƙannenki ma suna gaishe ki. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki Asabe da dukan mutanen gidanta a nan Gashua. Allah Ya tsare mini ke a zaune da tafe, Ya raba ki da sharrin hanya da na mutum.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannun direba, alhali ga waya a aljihuna. Dalilina biyu ne. Na farko, kin gaji uwarki wajen katse mutum tun bai kai ƙarshen zance ba, takarda kuwa ba a katse ta. Na biyu, muryata ba ta da amana kwanakin nan, tana iya tona mini asiri a tsakiyar magana.

Ranar Alhamis mahaifiyarki ta gaya mini abin da kika ce mata. Wai za ki sanar da ƙungiyarku ta masana motsa jiki cewa ba za ki je Ibadan ba, su ba wani gurbin. Wato bayan sun duba matasa da yawa sun zaɓe ki, ki je ki zauna shekara biyu ƙarƙashin manyanku ki koyi yadda ake tayar da mai shanyewar ɓarin jiki da wanda ya karye da wanda gaɓoɓinsa suka ƙage, ke kuma za ki ce a'a saboda gwiwar wani tsoho a Nguru. Ba ki gaya mini da bakinki ba don kin san abin da zan ce. To, ga shi zan faɗa, sai dai zan bi ta doguwar hanya kamar yadda na saba.

Bari in fara da gaskiya, tun kafin in hau wa'azi. Ba na so ki tafi, Uwata. Tunda kika kama aiki a Gashua nake kewarki, ga shi kuwa tsakaninmu ba nisa, mota ta wuce Jajimaji kaɗan sai ga ki. Duk yammacin Juma'a kunnena yana ƙofar gida. Safiyar Asabar kuwa ba ni da kamarta a mako, lokacin da kike shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, ki ɗaura mini ƙunshin yashi a idon sawu, ki tsaya a kaina kina ƙirga. Ni da na yi shekara da shekaru ina busa wa 'ya'yan mutane usur, ga ni kwance ana ce mini ɗaga, sauke, ban yarda da wannan ba, sake. Nakan yi miki mita don kada ki gane ina jin daɗi. Idan na tuna Asabar za ta riƙa zuwa ba ke, sai in ji abinci ya fita raina. Na faɗa miki wannan ne don kada ki ɗauka korarki nake yi.

Yanzu ki saurara, in ba ki labarin ubanki da ƙungiya.

Na farko, maganar ruwa. Lokacin da aka ɗauke ni malamin wasanni a sakandare, akwai abin da na tarar ana yi, na ɗauka ban tambaya ba. Ba a ba ɗan wasa ruwa. Cewa ake yi ruwa yana sa nauyi, yana kawo suka a gefen ciki, yana kashe ƙafa. Haka malamina ya yi mini, haka ni ma na yi. Idan an tafi hutun rabin lokaci sai in zuba wa kowane yaro garin gulukos a tafin hannu ya lasa, in ba shi ɓarin lemo ya tsotsa, shi ke nan. Wanda na kama a bakin randa kuwa ya shiga uku. A zafin Nguru fa nake wannan, zafin da kin sani, wanda ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa.

A zamanin akwai ƙungiyar malaman wasanni da lafiyar jiki, kakar taku ke nan. Malam Garba, malamin wasanni na wata makaranta a Gashua, shi ne mai tattara mu a yankin nan. Ya aiko ya gaji, ya zo da kansa ya gaji. Ni kuwa na raina abin. Nakan ce taron shan lemo ne da tafi, wanda ya iya aikinsa yana fili, wanda bai iya ba yana ɗakin taro. Yarana suna cin kofi, me wani zai koya mini?

Wata bazara muka je Gashua wasan ƙwallo da makarantarsa. Ana cikin zagaye na biyu sai wani yarona mai tsaron baya, Modu, ya tsaya cak, ya yi taga-taga, ya zube ba wanda ya taɓa shi. Na rugo ina yi masa tsawa ya tashi, don a zatona lalaci ne. Kafin in ankara Malam Garba ya iso da tulu a kafaɗa. Ya ja yaron inuwa, ya cire masa riga, ya jiƙa shi sharkaf, ya sa yara suna yi masa fifita, da ya farfaɗo ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Sai a lokacin na lura 'yan wasansa kowa da gorarsa a gefen fili. Da Modu ya tashi zaune, Malam Garba ya ja ni gefe inda yara ba za su ji ba.

Ya ce, "Malam Sule, maganar hana ruwa ai an daɗe da barinta. An yi mana bayaninta a taro tun shekarun baya. Kai ne ba ka zuwa."

Bai ƙara ko kalma ba, kuma bai taɓa tayar mini da zancen a gaban mutane ba har ya koma ga Allah. Daga ranar na ajiye randa biyu a bakin fili. Amma kin san halin ubanki. Na gyara maganar ruwa, ban gyara halin ba, taron dai ban je ba, don ina ganin in na je kamar na amsa laifi ne. Girman kai rawanin tsiya, ni kam na naɗa shi har da kunnuwa.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, ilimin da mutum ya fito da shi daga makaranta ɗanyen kifi ne, in ba a koma an yi masa hayaƙi ba, da kansa zai fara wari, kuma mai shi ne na ƙarshen ji. Abin da kika sani yau kike alfahari da shi, wataƙila akwai wani a wani gari da ya riga ya gano kuskure ne. Ba za ki ji ba sai kina inda ake faɗa. Kada ki bari sai ɗan wani ya faɗi a gabanki.

Na biyu, tsallen kwaɗo. Wannan kin sha jin labarinsa a gari, ba sai na ɓoye ba. Duk yaron da ya makara, ko ya yi surutu a aji, ko ya tsallake katanga, wurina ake turo shi. Ni kuma ina jin daɗin a ce ni ne dodon makaranta. In sa yaro ya kama kunne ya yi ta tsalle daga wannan raga zuwa waccan, ko ya zagaya fili har sai ya ga taurari da rana tsaka. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da nake koya musu ba. Ashe koya musu nake cewa gudu azaba ne, fili kurkuku ne, mai hankali shi ne wanda ya girma ya sami kujera ya zauna.

Sun kuwa girma sun zauna. Ki dube su yanzu a kasuwar kifi da bakin tasha, alhazai ne da tumbi, rabinsu da hawan jini, wasu da ciwon suga. Kin tuna da kika dawo daga jami'a kina ɗoki, kika ce za ki tara su ku riƙa tattaki da safe? Isa tela ne ya ba ki amsa, yana dariya, ya ce in dai 'yar Baba Usur ce ta kira motsa jiki, su sun riga sun biya nasu tun suna yara, har da na jikoki. Kin dawo gida kina ba ni labari kina dariya, ni ma na taya ki. Da kika fita kuwa, tawa dariyar ta koma ciki.

Saboda haka, duk inda kika je, kada ki mai da motsi hukunci. Kada ki kunyata mai ƙiba, kada ki yi wa mai rauni tsawa don ya kasa. Mutumin da aka kawo miki ɓarin jikinsa ya mutu, ya riga ya sha kunya a gida kafin ya iso gare ki, ana ɗaga shi ana kwantarwa kamar jariri. In ya motsa yatsa ɗaya, ki nuna masa kin gani. Ranar da kika karanta mini ƙa'idojin aikin ƙungiyarku, inda ake maganar mutunta wanda ake kula da shi da neman yardarsa, na ce miki surutun 'yan boko ne. Na janye. Da an karanta mini su ina saurayi, da yau masallacin unguwarmu bai cika da kujeru haka ba.

Na uku ita ce gwiwar da kike so ki zauna dominta. Wasan malamai ne, mu da na Gashua, ina da ƙarfina a lokacin. Na juya da ƙwallo ƙafata ta maƙale a rami, na ji ƙara a cikin gwiwar da kunnena. Na ɗaure ta da bandeji na ƙarasa wasan, don kada ɗalibaina su ga an fitar da ni. Da na dawo gida na sa mahaifiyarki ta gasa mini da ruwan zafi ta mulke da man zafi, gwiwa ta kumbura ta yi kamar tulu. Malam Garba ya zo dubiya har Nguru, ya ce akwai wani ɗan ƙungiyarsu a Kano da ya san gwiwa, zai haɗa mu, jirgin ƙasa ma yana tafiya a lokacin. Na ce masa targaɗe ne, zai wuce. A raina kuwa cewa nake, malamin wasanni guda ya je yana tambayar wani yadda ake gyaran ƙafa, ai abin kunya ne.

Bai wuce ba. Na yi ta ɗingishi shekara da shekaru, tana lafawa tana tashi, har ranar da na sunkuya zan yi sujada ta ƙi lanƙwasuwa. Tun daga nan na koma kujerar roba a ƙarshen sahu, jikin bango, inda tsofaffi suke. Liman ya ce mini addini ya yi sauƙi, ladana cikakke ne, kuma na yarda da shi. Amma ban taɓa gaya wa kowa yadda abin yake ba, sai ke yau. Idan aka yi kabbara kowa ya tafi ƙasa, sai ka ga bayan mutane shimfiɗe har gaban masallaci, kai kaɗai a sama kamar wanda aka bar wa gadin takalma. Ka sunkuyar da kai, goshinka bai taɓa komai ba. Na yi kewar ƙasa, Uwata. Na yi kewar ƙanshin tabarma da ɗan yashin da ke manne wa mutum a goshi ya fito yana sharewa.

Sai ga ki kin gama karatu kin sa gwiwar nan a gaba. Ki tuna yadda kika yi, don nan ne hujjata take. Kin ɗauki hotonta, kin sa na taka kin ɗauka a waya, kika tura wa manyanku na ƙungiya. Na yi fushi, na ce kin kai gwiwata kasuwa kowa yana tayawa. Ba a jima ba amsoshi suka fara zuwa. Wata Dakta a Ibadan ta ce a fara kai ni asibiti a yi hoton ƙashi kafin a taɓa komai, kika kai ni ina gunaguni. Wani a Jos ya ce a ƙarfafa cinya tukuna, shi ya kawo dabarar ƙunshin yashi da ya ji ba mu da kayan aiki. Duk lokacin da kika rasa yadda za ki yi, su kike tambaya, kuma ban taɓa ganin kin ji kunyar cewa ban sani ba. Ina kallonki ina tuna Malam Garba. Abin da na ƙi karɓa a hannunsa, shi Allah Ya kawo mini har gindin darbejiya ta hannun 'yata, daga mutanen da ban taɓa gani ba, wasu ko addininmu ba ɗaya ba.

To yanzu waɗannan mutane sun ce ki zo su ba ki sauran, ke kuma kina so ki zauna da ɗan abin da kika samu ki yi ta juya shi a kan gwiwa ɗaya. Matan da kike tarawa motsa jiki a Gashua fa? Mijin maƙwabciyar gwaggonki da yake kwance tun bara, wanda kika ce mini abin nasa ya fi ƙarfin saninki? Idan kika zauna, kin zama ni ke nan, sai dai ke tausayi ne ya zaunar da ke, ni girman kai. Wanda yake kwance bai damu da wanne ne a ciki ba.

Idan kin je, ki riƙe sallarki da suturarki, ba wanda zai raina ki a kansu in kin iya aikinki. Kada ki zauna a bayan ɗaki don Turancinsu ya fi naki gudu, matambayi ba ya ɓata. In an nemi mai yin wahalar ƙungiya, ki ɗaga hannu, a wurin wahala ake sanin mutane. Ki san iyakarki, abin da yake na likita ki mai da shi ga likita. Daktar nan ta Ibadan da za ki zauna a hannunta ki ɗauke ta uwa, ki gaishe ta kamar yadda aka koya miki a gida. Kuma ki ci abinci. An ce barkononsu da zafi, amma wadda ta ci tattasan Gashua ba ta da abin tsoro. Busasshen kifi kuwa ba zai yanke miki ba muddin mota tana zuwa Kano.

Saura labari ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na san za ki yi faɗa, don kin ce in jira sai kina kusa, ko da yake mun sha gwadawa a kan katifa kina riƙe da ni. Jiya Juma'a da La'asar na fito zan tafi masallaci, mahaifiyarki ta biyo ni zaure da kujera a hannu.

Ta ce, "Malam, ka manta kujerarka."

Na ce, "Ban manta ba. Ajiye ta."

Na shiga tsakiyar sahu na tsaya. A damana Alhaji Modu ne, dillalin kifi, wato yaron nan da ya faɗi a filin Gashua. A haguna Isa tela. Na ga sun kalli juna. Aka tayar da salla. Da liman ya tafi sujada na yi yadda kika koya mini, na fara kai hannuwa, na sauke gwiwa mai lafiyar, sannan na bi da ɗayar a hankali. Ta yi ƙara, ta yi zafi, amma ta tafi. Goshina ya taɓa tabarma.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba, kuma ba zan gwada ba. Hawaye dai ya zo, ban hana shi ba. Na daɗe ina tanadin addu'ar da zan yi in Allah Ya nuna mini wannan rana, kuma tun ranar Alhamis zuciyata take raya mini in roƙa ki zauna. Da na buɗe baki sai na ji ina cewa Allah Ya kai ki lafiya, Ya buɗa miki abin da kika je nema.

Sujada ta biyu ma ta yiwu. Da liman ya yi kabbarar miƙewa ne gwiwa ta ce ita fa nan ta tsaya. Na yunƙura na kasa, na sake na kasa. Sai na ji hannu a hammatata ta dama, na ji wani a ta hagu, suka ɗaga ni tsaye kamar buhun shinkafa. Haka suka yi mini a kowace raka'a har aka sallame, ba wanda ya juyo ya dube ni.

Da muka fito ina neman takalmi ina ɓoye ido, sai Modu ya ce, "Baba Usur, a kawo ruwa, ko har yanzu yana sa nauyi?" Isa kuma ya ce shi so ya yi ya bar ni a ƙasa sai na yi masa tsallen kwaɗo ko guda uku. Muka yi ta dariya a ƙofar masallaci har liman ya leƙo. A nan suka yanke, ba da shawarata ba, cewa kowace salla ɗaya zai tsaya a damana ɗaya a haguna, in ɗaya ya yi tafiya zai wakilta wani. Na ce na yarda da sharaɗi guda, ranar Asabar su zo gindin darbejiya. Yau da safe sun zo, har da wasu biyu, kowa da tumbinsa. Tunda wannan makon ba ki zo gida ba, Modu ne ya ɗaura mini yashin, ƙirgarsa ba ta kai taki daɗi ba kuma yana cuta, amma an yi. Daga nan muka taka har bakin tasha muka dawo, Isa yana haki yana tsine wa shekarun da ya yi a kan keken ɗinki. Sun ce ki riƙa turo abin da za mu yi ta waya, kuma ki tambayar musu Dakta maganar hawan jini. Gwiwar ta ɗan kumbura, na sa mata ƙanƙara, ba ruwan zafi ba, kin ga na koyi karatu. Ga shi da furfurata na shiga ƙungiya, Allah Ya jiƙan Malam Garba.

Saboda haka ki haɗa kayanki. Kada ki aika wa mutanen nan komai sai godiya. Ki biyo ta Nguru ki kwana biyu mu gan ki, ki duba gwiwar ki yi faɗanki ki gama, sannan in raka ki tasha da ƙafata. Kujerar na sa an kai ɗakinki an ajiye a gefen gado, in kewa ta dame ni nakan shiga in zauna a kanta kaɗan, iyakar aikinta ke nan yanzu.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki fi ubanki jin magana. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mini da ke lafiya. In kin dawo, kada ki sa ƙaninki ya neme ni a ƙarshen sahu, ya duba tsakiya. In kuma kin dawo kin tarar ba na nan, kada ki ce da na sani da ban tafi ba. Goshina ya riga ya taɓa ƙasa da raina, kuma ke kika kai shi.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Sule